Farantan da Baba Ya Hana a Goge

"Malam, kafin a yanke shinkafar Zauro zan maido maka su da hannuna. In ban maido ba, kada ka sake amsa sallamata."

Maganar Alhaji Manu ke nan, aminin mahaifina, a ƙofar maƙerarmu da ke Nasarawa a Birnin Kebbi, ranar da ya kwashe uwayen zanen Baba, tsofaffin farantansa, zuwa wani baje kolin sana'o'i a Argungu. Ina tsaye a wurin. An yanke shinkafar, an shuka wata, an sake yankewa. Wannan maganar ce ta fara faɗo mini a rai lokacin da ƙanena Murtala ya kira ni ina cikin aji, a makarantar da nake koyarwa a Argungu, ya ce, "Yaya Hajara, sai haƙuri. Baba ya cika." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Fuskar mahaifina na so in fara tunawa, sai muryar mai alkawari ta riga ta.

Mahaifina Malam Umaru maƙerin farin ƙarfe ne, mai zana farantan tagulla da butoci da mundaye. Mutane sun san kaifin kurfinsa, ɗan ƙarfen da yake yanka zane da shi, amma kaɗan suka san yadda zanen ke hawa kan faranti tun kafin kurfi ya taɓa shi. Yana da wasu tsofaffin farantai, wasu nasa, wasu na mahaifinsa, waɗanda ba ya sayarwa. Su yake kira uwaye. In zai yi sabon aiki, sai ya kwaɓa baƙin hayaƙin fitila da man kaɗe, ya cusa cikin layukan uwa da babban yatsa, ya share saman. Ya ɗora takarda mai ɗan laima, ya murza bayanta da gindin cokali, ya ɗaye ta a hankali. Zanen yakan fito a juye. Sai ya ɗumama sabon faranti, ya shafa masa kakin zuma sama-sama, ya kifa takardar a kai ya sake murzawa, zane ya koma daidai. Yakan ce, "Takarda sau ɗaya taka ƙarya. Kifa ta, ta faɗi gaskiya."

Uwayen nan baƙaƙe ne, ba su da kyan gani, kuma bai taɓa bari a goge su ba, domin kowace guga tana cin tagulla, layi ya rage zurfi har ya kasa riƙe baƙi. Ran da Inna ta ɗauki ɗaya za ta wanke masa saboda baƙi za su zo, ya karɓe yana dariya, ya ce, "Aje, Hajiya. Uwa ba ta kwalliya, ɗiyanta ka kwalliya."

Haka yake a komai, mai taushin baki da taurin ƙa'ida. Wani attajiri ya taɓa neman a zana masa aya a tsakiyar farantin abinci. Baba ya ba shi wurin zama, ya sa aka kawo masa fura, sannan ya ce, "Ba a aza tuwo bisa sunan Allah." Wata dattijuwa kuma ta kawo farantin auren mahaifiyarta da ya huje, tana kuka. Ya ɗebe zanen ya mayar mata a kan sabo, ya haɗa mata da takardar, ya ce ta adana saboda jikokinta.

Bayan an tafi da uwayen, yanar ido ta fara rufe masa gani. Murtala, wanda ya gaji maƙerar, hannunsa a kan kurfi ba ya rawa, amma bai iya ƙirƙirar zane daga kansa ba, kuma shi da bakinsa yake faɗa. Masu aurar da 'ya'ya suna zuwa neman zanen homa, ragar kamun kifi, da ganyen bado, wanda aka san gidanmu da shi, suna komawa hannu sake. Baba na zaune a kan buzunsa yana ji.

Wata rana na je suna gidan Alhaji Manu. Ina shiga falo sai na ga uwayen Baba jere a bango suna walƙiya. Hajiya Kulu, matar gidan, ta kama hannuna da murna ta ce, "Malama, kin gane kayan Malam kuwa? Baƙi ƙirin aka kawo su, kamar gindin tukunya. Duk Juma'a nika sa a goge su da toka da lemun tsami." Ban ga laifinta ba, ba wanda ya gaya mata. Mijinta kuwa a gabana aka yi masa bayani, yana gyaɗa kai. Na bi farantin homa da yatsa. Ƙananan layukan ragar sun fara shafewa.

Na garzaya gida na faɗa wa Baba. Ya ce, "Don alheri ta yi." Na ce zan je in kwaso su ko da tsiya. Ya ce, "Ɗiyata, muddin ina numfashi, ba ki kai aminina gaban kowa." Ya aika a asirce, ya sake aikawa, kullum amsar ita ce wani babban baƙo zai zo ya gani tukuna. Alhaji ya ci gaba da zuwa yana sallama, Baba ya ci gaba da amsawa.

Na karanta labarin al'ummomin da aka kwashe musu kayan gado aka haye teku da su, suna ta roƙo. Namu tafiyar mota ɗaya ce tsakani. Ranar ta'aziyya Alhaji ya zauna a sahun gaba, ya ce wa jama'a an yi rashin taska. Taskar tana bangon falonsa.

Ya Allah, ka jiƙan bawanka Umaru. Ka haskaka masa kabari fiye da hasken da ya rasa a ƙarshen rayuwarsa, ka sa haƙurinsa ya yi nauyi a mizani, ka haɗa shi da iyayensa a Aljanna Firdausi. Ka sanyaya zuciyar Inna a cikin takabarta. Ka riƙa wa Murtala hannu, ka ba mu ikon riƙon abin da ya bari. Amin.

Kai kuma Alhaji Manu, ka ji: Baba, wanda ya ɗaure mini baki, ya koma ga Ubangijinsa, kuma farantan nan yanzu dukiyar magada ce. Ina jiran su a maƙera, dukkansu, kafin a shafa fatihar addu'ar arba'in. In aka shafa ba su iso ba, washegari da safe ni da Murtala muna gaban alƙali, kuma zan maimaita masa alkawarinka kalma bayan kalma. Kafin nan, don girman Allah, ka ce wa Hajiya Kulu kada a goge su wannan Juma'ar.