Gayya Biyu a Gonar Malam Idi

A duk shekarun da na yi ina tuƙa motar lasifikar jam'iyyarmu ta talakawa, ranar gayyar Malam Idi ce ta ƙi fita raina. Lokacin fari ne da tsadar hatsi. Jam'iyyar kuwa, in motata ta cika, to an kwashe rabinta.

Malam Idi ɗan jam'iyya ne a wani ƙauye kusa da Minjibir. Ya faɗo daga keke ya karye ana tsakiyar noman farko, ciyawa ta fara cin geronsa. Reshen jam'iyya ya zauna ya yanke a yi masa gayya. Ga wanda bai sani ba, jama'a ke kawo fartanya da ƙarfinsu, mai gona ya ciyar da su.

Kafin ranar ta zo muka rabu biyu. Shugaba, Alhaji Bala, ya ce a shiga zaɓe. Sakatare, Malam Tanimu na firamare, ya ce zaɓe wasan 'yan jari-hujja ne. Na ce masa, "Haba Malam, mu da ko rumfa ba mu cika ba?"

Ya gyara tabarau ya ce, "Sule, a ƙasar Ailan akwai 'yan gurguzun da suka ɓalle daga waɗanda suka ɓalle. Tsarkin aƙida ke nan."

To, madalla. Mun kamo Turawa.

Kowane ɓangare ya ce shi ne jam'iyyar gaskiya, don haka gayyar tasa ce. Da safe na kai mutanen Shugaba. Na Sakatare suka taho a ƙafa, wai motar ma ta sayar da talakawa. Waɗannan suka kama gabashin gonar, waɗancan yamma. Aka ɗan taɓa noma, sai jawabi ya tashi, mu da lasifika, su da maƙogwaro.

Da azahar matar Malam Idi, Inna Kande, ta kawo fura da dambu. Mutanen Sakatare suka ce ba sa haɗa ƙwarya da maciya amana, dole ta koma ta sake daka. Da na shiga neman ruwa, na tarar tana tattare ƙasan rumbu da tsintsiya. Wallahi raina ya ɓaci.

Har yamma tsakiyar gonar na nan da ciyawarta, don ba wanda ya yarda ya matsa kusa da abokin gaba. Shugabannin biyu suka shiga duba Malam Idi, kowa na tambayarsa wane ɓangare yake. Ya tsura wa karyayyiyar ƙafarsa ido. Inna Kande ce ta amsa daga bayan zana: "Don girman Allah kar ku sake taimakonmu. Na yau ya cinye abin da za mu ci har kaka."

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, ga abin da na koya. Kafin ka ɗauki lasifika ka ce ka zo ceton talaka, fara tambayar da hatsin wa aka dafa maka abincin rana.