Compadre Evelio da Rundunarsa Mai Furanni

Ranar Talata, 14 ga watan Oktoba, ana tsaka da ruwan yamma irin na wannan wata, Yorleny ta bugo min waya daga asibiti ta ce mahaifinta, Don Evelio Chinchilla Araya, ya riga mu gidan gaskiya yana da shekara saba'in da ɗaya. Ina cikin shagona na aski a lokacin. Na ajiye almakashi na bar mutum da rabin kai a aske, shi ma bai yi ƙorafi ba, domin babu gida a garinmu Sarchí da Don Evelio bai taɓa ƙwanƙwasa wa ƙofa ba.

Compadre, bari in kira ka da sunan da muke kiran juna tun ranar da na riƙe Yorleny a coci aka yi mata baftisma. Jama'a za su tuna ka da jakar gidan waya da babur ɗinka mai tari. Za su tuna yadda kake tsayawa ka karanta wa tsofaffi saƙon 'ya'yansu, ka sha kofi a gida uku kafin hantsi, kowane gida kuma ka rantse nasu ya fi daɗi. Duk gaskiya ne. Ni dai abokin gabarka ne na kowace Lahadi, don haka a kan yaƙi zan yi magana.

Garejinka bai taɓa ganin mota ba. Teburi ne a ciki, shimfiɗe da yashi, da hasumiyoyin da ka haɗa da gwangwanin madara da kwalin magani. Bayan an taso daga coci muke taruwa mu jera sojojinmu, kowane tsawon ɗan yatsa, mu auna tafiyarsu da tef, mu jefa ƙwayoyi irin na lido a ga ko harbi ya samu. Duniyar da muke yaƙi a kanta tana can ƙarshen sararin samaniya, ka sa mata suna Orotina ta Biyu, wai ba inda zai kai Orotina, garin da aka fara tura ka aiki, zafi. Kai kana da mahaƙan ma'adinai 'yan tawaye da injunansu masu tafiya da ƙafa biyu. Ni ina da ƙadangaru masu sulke, waɗanda kake cewa kamarmu ɗaya da su.

Abin da ban taɓa ganewa ba shi ne wannan. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana kai saƙo gidan da aka kwatanta da bishiyar mangwaron da aka sare tun kafin a haife shi, bai taɓa ƙorafi ba, shi ne zai tsayar da yaƙi cak saboda ƙadangarena ya wuce awo da faɗin farce. Ka cinye ni sau ba adadi, kuma ba ka taɓa yi a shiru ba. Sai ka bi ni har shago ranar Litinin ka ba masu jiran aski labari.

Dokarka guda ce, kowa ya san ta: toka ba ta hawa teburinka. Sojojin nan daga kwali ruwan toka suke fitowa, sai mutum ya zauna da buroshi mai bakin allura ya yi musu fenti ɗaya bayan ɗaya. Ka ce wanda bai ɓata dare da rana a kan sojansa ba bai san zafin rasa shi ba. Na tuna ranar da Xinia, ma'aikaciyar jinya, ta fara zuwa da kwalinta, duk toka. Ka sha mur ka karanta mata doka. Har ta juya za ta tafi, kunya ta rufe ta, sai ka buɗe kabad ka kwaso mata sojoji cikin tafin hannu biyu daga naka, masu fenti, ka ce nata ne har abada, na cikin kwalin kuma ta dawo ranar Asabar ka koya mata. Haka ka yi wa duk wanda ya zo. Dokar ba ta taɓa korar kowa ba, kabad ɗinka dai ta riƙa ramewa.

Sai abubuwa biyu suka haɗu a shekara ɗaya. Hannunka na dama ya fara rawa, likita ya ce ciwon ba mai tafiya ba ne. Sannan wata 'yar girgizar ƙasa, wadda ko kofi ba ta zubar a gidana ba, ta kifar da kabad ɗin ta ragargaza abin da ya saura. Yorleny ta aiko maka da sabuwar runduna daga babban birni San José. Ka haɗa su da ƙyar, ka ɗauki buroshi, fenti ya tafi inda ya ga dama. Ka rufe kwalin.

A daidai lokacin saura yaƙi ɗaya tsakanina da kai, wanda zai raba gardamar Orotina ta Biyu. Muka ce a ɗage dokar. Ka ƙeƙasa ƙasa ka ce dokar da ta hau kan Xinia ba za ta tsallake ka ba. Xinia ta dawo da waɗanda ka ba ta, ka kore ta da su. Na ce to kawo in yi maka fentin, ka dube ni sama da ƙasa ka ce ba a taɓa jin abokin gaba ya ɗinka wa mutum kaki ba. Taurin kai, compadre, Allah Ya ba ka shi ba awo.

Daga nan ka koma alƙalin wasa. Ka zauna a kusurwa, hannu a ƙarƙashin teburi, kana kallon wasu suna yaƙi a kan yashinka. Wasan ya ragu, tsokanar ta ƙare, ranar Litinin shagona shiru. Na faɗa a lokacin, ina sake faɗa yanzu: abin ya ci min rai fiye da duk kashin da ka ba ni, domin muna gani kana dusashewa a gabanmu.

Matarka Zeneida, wadda nake kira comadre, ba ta taɓa kiran wasan da wani suna ba sai 'yan tsanar maza. Shigarta gareji ta kawo kofi ce da tortilla, wainar masara mai cuku, ta yi tsaki ta fita. Mun manta, ko in ce ba mu taɓa kawowa a rai ba, cewa a shagon mahaifinta ta tashi, tana zana furanni a ƙafafun amalanken shanu tun tana tsayawa a kan akwati. Wata Lahadi ta ajiye faranti ba ta fita ba. Ta tambayi me dokar ta ce, aka faɗa mata. Ta tambayi me ya hana wani ya yi maka, aka ce ka hana abokan gaba.

"To ni fa, Tsoho? Abokiyar gabarka ce?"

"Ya danganta da ranar," ka ce.

Ta ɗauki kwalin ta sa a hammata. Ka bi ta da bayani, wai koren ganye mai duhu da ruwan tsatsa, irin wanda zai saje da hamada. Ta ce ta ji. Duk wanda ya san comadre ya san abin da ta ji ɗin nan take nufi.

Ranar da ta kawo su a faranti, rufe da tsumman kicin, gareji cike yake. Ta yaye. Tabɗijam! Injunan yaƙinka ja da ruwan lemo, kowace gwiwa da tauraro mai tsini-tsini, kowace kafaɗa da fure, farin layi siriri yana nannaɗe bakin bindiga. Ko ƙaramin soja sai da ta sa masa fure a kwalkwali. Aiki ne mai kyau, ban taɓa ganin hannu irinsa a kan teburin nan ba, amma daga ƙarshen titi za a hango su. Xinia ta cusa hannu a baki. Ni na kama kallon rufi.

Ka daɗe kana juya babban injin a hannun hagu. Can ka ce, "Zeneida, waɗannan fa ɓuya za su yi a hamada."

"A shekarunka wa kake ɓuyar wa?"

Ka ajiye shi a kan yashi, ka juyo ka ce min in kwaso ƙadangaruna, yau kashina ya bushe.

Hannunka ba ya iya motsa soja ba tare da ya ture uku ba, don haka aka raba aiki. Comadre ta riƙe tef tana motsa su bisa umarninka, kai kuma ka riƙe kofin ƙwayoyi. Kai da bakinka ka ce a ƙarshe an samu abin da hannun nan ya fi namu iyawa, shi ba sai an ce masa ya girgiza ba. Sharaɗin yaƙin mai sauƙi ne. Akwai rijiya ɗaya a tsakiyar hamada, wanda sojansa yake tsaye a kanta a zagaye na ƙarshe shi ke da duniyar.

Da farko ta yi biyayya. Matsalar ta fara ne da ƙadangaruna suka harbe mata soja na farko na ɗauke shi daga teburi. Ta tambaya da wane dalili. Aka yi mata bayani cewa ba karyewa ya yi ba, gefe kawai ake ajiye shi. Ta ce ta sani, ita ba yarinya ba ce, amma ko na san wahalar da kwalkwalin nan ya ba ta? Ta janye farantin tortilla daga gabana ta mayar gaban Xinia.

Babban injin ta riga ta sa masa suna Lucero, sunan wani bijimin mahaifinta. Dabararka ita ce Lucero ya laɓe bayan duwatsu har zagaye na ƙarshe, sannan ya fito ya taka rijiya. Dabara ce mai kyau, da ita ka sha cinye ni. Ka ba da umarni. Comadre ta auna, ta ɗauki Lucero, ta dire shi a fili a kan rijiyar, saura zagaye uku, a gaban bindigogina duka. Ka ce bayan dutse ka ce. Ta ce ba ta yi wannan zanen don a ɓoye shi a bayan dutse ba. Kuma a teburinka, bisa tsarin da kai ka kafa, in hannu ya saki soja shi ke nan.

Na buɗe masa wuta da duk abin da nake da shi. Sassauci ban yi ba, da na yi da ba ka sake yi min magana ba. Ka girgiza kofi, ƙwayoyi suka ce sulken ya riƙe. Zagaye na gaba na sake, ya sake riƙewa, sai ƙafa ɗaya da ya rasa. Zuwa lokacin kana tsaye, kai da ka yi watanni a kujera, kana kiran ƙadangaruna da sunayen da ba zan rubuta a nan ba, comadre tana taya ka. A zagaye na ƙarshe harbina ɗaya ya samu. Kowace lamba ta fito Lucero ya tsira, ban da ɗaya. Ka girgiza, ka girgiza, ka juye. Ɗaya.

Lucero ya faɗi. Sai ka fashe da dariya, irin wadda muka manta da sautinta, har kana share hawaye da bayan hannu. Ka ce ka shekara talatin kana yaƙi da hankali ba ka taɓa jin daɗi irin na yau ba. Comadre ba ta yi dariya ba. Ta kwashe kofina tun ban shanye ba. Ranar Litinin sai ga ka a shago, kana ba masu jiran aski labarin yadda aka cinye ka, da alfaharin da ya fi na ranakun da ka ci.

Tun daga ranar ba Lahadin da ba ku hau teburi ba, kai da kofi, ita da tef, kuna gardama a kan kowane taku. Kun ci wasu, kun sha kashi a wasu. Babban yaƙin ƙwato Orotina ta Biyu kuwa ka ce sai ruwa ya ɗauke, lokacin comadre ta gama zana sababbin injuna. Ruwa bai ɗauke ba ka tafi.

Ranar addu'ar kwana tara, bayan an gama an fara raba kofi da burodi, comadre ta ja hannun rigata zuwa gareji. Teburi a shirye, yashi a share, rundunarka a jere, da sababbin injuna biyu da fentinsu bai daɗe da bushewa ba. Ta ce in zo ranar Lahadi da ƙadangaruna, duniyar nan ba za ta kwana a hannuna ba. Na ce zan zo. Sai ta tsaya tana kallon kofin ƙwayoyin a inda ka bar shi.

"Awo na iya, compadre, motsa su na iya," ta ce. "Wannan ne ban taɓa riƙewa ba."

Na ɗauki kofin na sa mata shi a tafin hannu.

Allah Ya jiƙanka, compadre Evelio. Ya yafe maka kurakuranka, Ya duba alherin da ka raba wa mutane da hannu biyu tun suna da ƙarfi har suka gaza, Ya ba ka hutu inda babu ciwo. Ina miƙa ta'aziyyata ga comadre Zeneida, da 'yata Yorleny da mijinta, da dangin Chinchilla da na Araya, da duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin teburin nan. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka, Ya sa mu cika da kyau in tamu ta zo. Amin.