Ban Haƙurin Baba Kolo

Duk wanda ya taɓa sayen kifi a kasuwar Haɗeja ya san Baba Kolo. Mutumin Guri ne, ya yi sana'ar su, wato kamun kifi, har gwiwoyi suka ƙi, sai ya dawo gari ya kafa rumfar banda. Amma sasanci ne ya fito da sunansa. In dillali da masunci suka kaure, shi ake kira. Ya zura babbar riga ya je ya yi ta ba da haƙuri, ba ya tashi sai an ce "ya wuce."

Bara 'yarsa Adila ta tattara girke-girken kifin marigayiya mahaifiyarta, ta yi littafi, ta ɗora a wani kantin littattafai na intanet. Ana cikin saye, kwatsam aka sauke shi. Wai ya saɓa ƙa'ida. Wace ƙa'ida? Oho! Miyar kifi fa, jama'a! Ta rubuta musu har ta gaji, amsar dai ɗaya ce. Ranar na ga Adila tana kuka, ni ma raina ya ɓaci.

Baba Kolo ya ce, "Ke yarinya, ba a korar mutum daga rumfa haka kawai. Wani kika ɓata wa. Ina gidan mai kantin?"

"Baba, ba shi da gida. Na'ura ce."

"Na'urar ba ta da uba?"

Washegari ya ɗauko limamin unguwa da dattawa biyu, suka zauna kan tabarma, ya sa Adila ta ɗauke su bidiyo. Ya cire hula, ya gaida mai kantin da iyalinsa, ya ce yarinya ce, marainiya ce, ko mene ne ta yi a dubi girman Allah. Liman ya shafa fatiha. Ta aika don kada ta saɓa masa, mu kuwa muka yi dariya har da riƙe ciki.

Bayan sallah sai ga littafin ya dawo. Ba bayani, yadda aka sauke shi haka aka mayar. Adila ta ruga rumfa da waya a hannu.

Baba Kolo bai ko ɗago daga kifin da yake juyawa ba.

"Sun ce me kika yi?"

"Ba su ce ba, Baba."

Ya juya wani kifin. "To, kunya suka ji. Ki rubuta musu, ki ce mu ma mun yafe."