Idon Abdulbaqi, Yatsan Baba

Da hantsi, idan ka bi ta bayan tashar Birnin Kudu, za ka tarar Malam Abdulbaqi ya share gaban rumfarsa, ya jingina farantin sola da bango, ya fito da benci. Ba ya sayar da waya, ba ya canza gilashin da ya fashe. Aikinsa shi ne shafin intanet da ya ƙi fitowa daidai a tabulet, kwamfutar hannun nan mai faɗin allon karatu: shafi ya fito fari fat, ko rubutu ya hau kan rubutu, ko rabinsa ya shige gefe ya ɓace. Tun da tabulet ta fara shiga hannun malaman makaranta da ma'aikatan rigakafi yake kan wannan benci.

Yana da wata ɗabi'a da ke ƙular da mai gaggawa irina: ba ya karɓar tabulet daga hannun mai ita. Sai ya zaunar da kai kusa da shi ya ce, "Taɓa nan. A hankali mana, ba ƙusa kake bugawa ba." Mairama, mai aikin rigakafi a Unguwar Ya, ta ba ni labarin ranar da shafin aikinsu ya ƙi buɗewa, har ta fara tunanin yadda za ta gaya wa shugabarta ta lalata kayan aiki. Ya tambaye ta ko batirin ya taɓa mutuwa murus. Ashe kwanan watan ciki ne ya koma shekarun baya. Da yatsanta ta gyara, kuma yau ita ke gyara wa abokan aikinta.

Ni kuwa abin da ya kai ni wurinsa, har yanzu in na tuna sai gabana ya faɗi.

Humaira 'yar wana ce marigayi, a hannunmu take a Farin Dutse, ƙasar Gwaram. Ta samu gurbi a makarantar koyon aikin ungozoma, amma dole ta shiga shafin makarantar ta danna madannin amincewa kafin Juma'a ta wuce, in ba haka ba a ba wata. Ta buɗe shafin a tabulet ɗin mahaifinmu, Malam Hambali. Ga sunanta ɓaro-ɓaro, ga hotonta, madanni kuwa babu shi babu dalilinsa. Ta ja sama, ta ja ƙasa, muka hau tudu neman sabis, duk a banza. Za ka ce mu ari wata wayar mana. To, kalmar sirrinta a cikin wannan tabulet ɗin take ajiye, ta manta ta, layin da za a turo mata sabuwa kuwa na mahaifinta ne, tuni aka rufe shi.

Ni dama mai saurin firgita ne, maiɗakina takan ce ko akuya ta yi tari sai na ce annoba ta shigo. Amma wannan karon gidan gaba ɗaya ya yi jugum. Yarinyar ta daina cin abinci. Wani maƙwabci ya ba da shawarar a kai a goge komai na cikin tabulet ɗin ta dawo sabuwa, kuma saura ƙiris in yarda.

A tabulet ɗin nan Baba yake tilawa tun da idonsa ya yi rauni, don haka a gidanmu ba a ɗauke ta na'ura ba. Cikin gafaka take kwana bisa kan littattafai, ba a ajiye ta a ƙasa, ba a juya ta. Da na ce zan kai ta Birnin Kudu, Baba ya ce, "Alƙur'anina ba zai hau mota ba tare da ni ba." Haka muka taso mu uku da Humaira ranar Juma'ar, gafaka a cinyarsa, ni kuma duk ramin da mota ta faɗa sai in ji kamar gurbin yarinyar ne ya zube.

Abdulbaqi ya durƙusa ya gai da Baba, ya ba shi benci. Da na faɗa masa shawarar maƙwabci, sai ya ce, "Da kun goge, da kalmar sirrin ta tafi, ni ma sai dai in taya ku jaje." Ya leƙa fuskar tabulet ɗin a hannun Baba sau ɗaya, ya tambaya, "Malam, wa ya ƙara maka girman rubutu haka?"

"Ni na sa aka ƙara, har ƙarshe. In ba haka ba ko wasali ba na gani."

"To shi ne ya cika shafin ya tura madannin waje. Kuma an kulle fuskar don kada ta juya. Sai an rage rubutun, a kwantar da ita a gicciye. Amma sai da izininka, Malam, don in aka rage ba za ka ga komai ba."

An fara gwada lasifika a masallacin Juma'a, Humaira na ta murɗa bakin hijabinta, ni kuwa zufa har cikin hula. Na san abin da Baba ke tsoro: a rage, a kasa mayarwa, ya rasa karatunsa.

"Za ka iya mayar mini yadda yake?"

"In sha Allahu. Da yatsanka ma za ka mayar."

Baba ya juya wajen jikarsa ya ce, "To amarya, yau na makance saboda ke. Kada ki manta."

Abdulbaqi ya sa shi ya rufe Alƙur'anin tukuna, sannan ya riƙa faɗa masa inda zai taɓa. Rubutu ya ƙanƙance, aka kwantar da tabulet, sai ga koren madanni a can kusurwa, inda yake zaune duk kwanakin da muke ta rashin barci. Baba ya miƙa hannu ya ce, "Ni hazo kawai nake gani. Kama yatsana ki danna." Ta kama, ta danna. Shafin ya tsaya yana juyi har na fara salati a bayyane, sannan ya nuna an karɓa. Yarinyar ta fashe da kuka, ni ma ban tsira ba. Abdulbaqi bai bar mu mun tashi ba sai da rubutun ya koma yadda yake, Baba ya karanta aya ya ce ya gani.

Kai ne, Abdulbaqi mai sanyin hannu, ka ga mutane uku a firgice ba ka ƙara mana firgici ba. Kai ne ka san abin da ke hannun tsoho ba na'ura ba ce kawai, ka nemi izini kafin a taɓa. Humaira tana makaranta yanzu, Baba yana tilawarsa, kuma sunanka ba ya fita daga addu'arsa. Mun gode, Allah Ya saka maka da alheri.

Sai dai hankalina bai kwanta ba. Kwanan baya na koma na tambaye shi yadda ya gane matsalar da kallo ɗaya. Ya yi murmushi ya miƙo mini wayarsa. Rubutun ciki ya kai na Baba girma. Likitan ido ya ce masa ya bar kallon gilashin waya, kuma bayan Sallah zai rufe rumfar. Na fito ina tunanin wata Humaira da za ta zo ta tarar da benci a kife.

Matasan Birnin Kudu da Gwaram, masu waya a hannu dare da rana, aikin nan haƙuri yake so da girmama mai kaya. Ku je ku zauna a bencin nan ku koya, tun yana iya ganin inda zai ce ku taɓa.