Lemon Baba Mai Walda

Ya kai gwarzon ƙarafa, ubangidan tartsatsi, dattijon majalisar masu wankin ƙoda, mai riƙe da gadon bakin taga, Baba Mai Walda: ƙaramin hadiminka, wanda ka naɗa Farfesa saboda tsawon surutunsa, yana miƙa maka gaisuwar da ba za ka amsa ba.

Ranar Laraba, sha bakwai ga watan jiya, muna kwance injina suna zuƙar jininmu suna mayar mana, sai babbar nas ta shigo ta yaye zanen gadonka ba tare da ta dubi kowa ba. Daga baya ta shaida mana cewa zuciyarka ta tsaya da safe, kana sa takalmi za ka taho. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Lokacin da ciwon sukari ya gama da ƙodata aka fara kawo ni ɗakin nan, na yi kuka irin na manyan mutane, wato na ɗora wa fanka laifin hawayena. Kai ka miƙo mini bargonka, ka ce sanyin inji ya fi kama sabon shiga. Kai ka koya mini tsotsar ƙanƙara don yaudarar ƙishirwa, tunda ruwan ma awo ake yi mana.

Sai wata likita mai bincike ta zo ta ɗebi jininmu. Ta bayyana cewa a jikin mai sukari da ciwon ƙoda akwai sinadarai masu cin jijiyoyi kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe, masu kare jiki daga gare su kuma sun yi ƙaranci a jininmu. Ka tambaye ta inda ake samun masu kariyar, ta ce akwai su a 'ya'yan itatuwa. Amma ta ja kunnenmu cewa lemo da ayaba cike suke da fotashiyam, wanda ƙodarmu ba ta iya fitarwa, in ya taru kuma yakan tsayar da zuciya. Rabin farko na maganarta ka riƙe.

"Farfesa," ka ce da ni, "tun ba a haife ka ba nake faɗa da tsatsa. Ban taɓa cin ta da fenti shafi ɗaya ba. Labtawa ake yi."

Daga nan ka shiga zuwa da lemo a ƙarƙashin bargo, ka ci, ka rarraba. Nas ta ƙwace, ka ce ita ƙofa nawa ta taɓa gyarawa. Na yi maka doguwar lacca mai babi-babi, ka ce in adana ta har ranar da zan yi gemu. Ban ce lemo ne ya ɗauke ka ba, ajali ba ya neman dalili a wurina. Sai dai da muka tambayi likita yadda gwajinka na ƙarshe ya nuna, rufe fayil ɗinka ta yi ta wuce gado na gaba.

Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa wahalar injin nan ta zama kankarar zunubi. Mama uwargidansa, da Yaya babban ɗansa, da sauran iyali, Allah Ya ba ku haƙurin rashinsa.

To Mama, ga abin da ya sa na jero duk wannan. Tun rasuwar, duk ranar wankinmu Yaya yakan shigo da kwando shaƙe da lemo da ayaba, sadaka ga Baba, domin a gida Baba ya gaya muku su ne maganinmu. Ba wanda ya iya cewa a'a. Anti tela, wadda gadonta ke kusa da nawa, ta ci nata tana hawaye, wai mayar da sadakar mamaci cin fuska ne, kuma gwajinta na wannan mako ya ɗaga hankalin likita. Nas takan ƙwace na fili, na cikin jaka ba ta ganinsa. Ni kuwa, da duk manyan kalmomina, na kasa faɗa miki baki da baki.

Don Allah a dakatar da kwandon. In dole sai an kawo wani abu, likita ta yarda da tuffa, kowa guda ɗaya. Ni ja nake so.