Inda Na Sa Tasha ta Goma Sha Biyu

Ban taɓa riƙe alƙalami ba. Faɗa nake ana rubuta mini, kuma na ce kada a gyara mini hali a takarda. In na tsaya kuka a jira ni. Mijina da 'yata duk suna ƙasa, ni kaɗai aka bari da labarin.

Mijina ya mutu a shekarar da aka mai da motoci hannun dama. Muna haya a Abakpa, yana da 'yar gona wajen Katabu da yake zuwa a keke. Wata Asabar yana dawowa da doya, mota ta kwashe shi. Wani mai faci da ke bakin hanyar ne ya rufe shi da rigarsa, ya biyo ni har gida ta'aziyya.

Ya ce, "Baiwar Allah, fijo ce shuɗiya, da carbinku na Kirista a rataye jikin madubi. Mutumin ya tsaya, ya leƙo, ya gan shi yana motsi, ya ja motarsa. Fitila ɗaya ta fashe a nan."

Fijo shuɗiya ɗaya ce a cocinmu, ta wani babban akawun gwamnati, dattijon coci. Lahadin nan a tasi ya zo Misa. Ta gaba ya zo da motarsa, fitila ɗaya sabuwa fil, ɗaya ta dushe. 'Yan sanda suka ce sabon hannu ne, kowa na rikicewa. Ranar jana'iza shi ya fi kowa ɗaga murya a waƙa. Ya kama hannuna ya ce sai haƙuri. Da na koma gida da toka na wanke hannun.

Shekara uku ina kallon ƙeyarsa kowace Lahadi. Ban gaya wa 'yata ba. Ta dai san mota ce.

Tana da shekara goma sha biyar Fada, limamin cocinmu, ya ce a azumin bana za mu yi tattaki a ƙafa, daga coci zuwa wani dutse a bayan Katabu inda aka kafa gicciye. Za a yi Hanyar Gicciye a tafe, wato a tsaya sau goma sha huɗu, kowace tasha a tuna abin da ya sami Yesu. Aka zauna shiri a gindin dalbejiya bayan Misa. Maza suka yi ta gardamar inda za a tsaya, alhali ba wanda ya taɓa taka hanyar da ƙafarsa. Shugabar mata ta nuna ni.

"Ga wadda ke noma gonar mijinta can. Ita ta san inda rijiya take."

Katikis, mai koyar da addini a cocin, ya ce, "Mama, za ki zaɓa mana wuraren? 'Yarki ta rubuta. Ita ce ma za ta yi karatun, tunda Hausarta tana fita."

Sai akawun nan ya miƙe ya ce shi zai ɗauki gicciye tun daga ƙofar coci har dutsen, alkawari ne ya yi wa Allah. Aka tafa masa. Ya juyo yana dariya ya ce mini, "A samo mana inuwa fa, mu mutanen ofis ba mu saba da rana ba."

Na rusuna na ce, "To, ranka ya daɗe."

A tasha ta goma sha biyu Yesu yake mutuwa. A nan kowa yake durƙusawa, har mai ɗauke da gicciye, a yi tsit. Ba mai tashi sai mai karatu ta ɗaga murya ta ci gaba. Tun ina gindin dalbejiyar na san inda zan sa ta.

Asabar da asuba muka fita duba hanya, ni da 'yata, da gorar ruwa da ƙuli-ƙuli. Tana riƙe da littafin makaranta tana tsokanata.

"Yau Mama ce Fada. A ina za mu durƙusa, Fada?"

"Rubuta tsamiyar Kawo, mara kunya."

Ta rubuta tsamiya. Ta rubuta rijiyar wasu Fulani, da mangwarori biyu, da rumfar mai shayi da ya ce mu zo ko mu nawa ne. Goma sha ɗaya, kowace da inuwarta. Rana ta take muka iso wani fili, ba ko kargo, sai jar tsakuwa a gefen kwalta da rumfar faci can tsallake. Na tsaya.

"Nan ce ta goma sha biyu."

Ta dube ni. "Mama, nan ba inuwa. Ga ɗorawa can gaba kaɗan."

"Na gan ta. Rubuta nan."

Kafin ta sake magana mai facin ya tsallako yana goge hannu. Ya gaishe ni, ya dube ta, ya ce, "Allah sarki, 'yar marigayi ce? Kamarsu ɗaya. A nan na ɗauke shi, yarinya, daidai inda kike tsaye."

Ta ja da baya, ta dubi ƙasa. Bayan ya koma ta ce, "Wane ne ya buge shi?"

Na gaya mata duka, har fitilar, har leƙowar.

"Me kike so in yi?"

"Ki karanta, a durƙusa, ki yi shiru. Kada ki tashe su sai kin ji na yi tari."

"Mama, addu'a ce fa."

"Na sani. Shekara uku ina yin ta, ban ga wanda ya durƙusa ba."

"Ni ba zan yi ba."

Muka dawo Abakpa. Amma washegari da ta miƙa wa katikis littafin, ya karanto wuraren, na ji filin nan a ciki.

Ranar tattakin akawu ya zo da gajeren wandon kaki da doguwar safa, gwiwa a waje. Na gode wa Allah, Allah ya gafarta mini. Muka yi ta tafiya da waƙa, ina bayansa taku uku. Da tsakar rana katikis ya ɗaga hannu a filin. Akawu ya hango rumfar faci, ya waiga hagu da dama, ya waigo ya dube ni. Ban ɗauke ido ba.

'Yata ta karanta, muka durƙusa. Tsakuwar kamar garwashi, ni da ke da zane ma ta huda ni. Na ja carbi goma ina kallon gwiwoyinsa. Raina ya yi sanyi, na yi tari.

Ba ta motsa ba.

Na sake tari. Na ja wani goma, na ja na uku. Jarirai suka fara kuka, tsofaffi suka zauna a kan dugadugansu, Fada ya ɗago kai. Mai faci ya fito bakin rumfarsa ya harɗe hannu. Gicciyen ya fara rawa a kafaɗar akawu, ya sulale ya faɗi a kwalta. Mutumin ya kifa goshinsa a tsakuwa, wani kuka ya fito masa irin na akuyar da aka danne. Sai a lokacin 'yata ta ci gaba da karatu, muryarta ko rawa ba ta yi ba. Na dubi fuskarta, na ga tawa.

Da ya tashi jini ya gangaro har cikin safarsa. Wani ne ya ƙarasa da gicciyen. Bai taɓa faɗin abin da ya yi ba, har ya mutu. Kafin damina ya koma wani coci a tsallaken kogi.

Lahadin da ta biyo baya, 'yata ta mayar wa katikis littafin karatu. Yarinyar da tun tana ƙarama take karanta mini addu'a da safe, ba ta ƙara buɗe baki a coci ba. Ta yi aure, ta haihu, ta rasu, ban sake jin muryar nan ba. Wannan nake wa kuka.

Fada huɗu na yi wa ikirarin zunubi a kan maganar nan. Kowanne nakan ce na tuba da abin da na ɗora wa yarinyar. Kowanne sai ya tambaye ni, mutumin fa? Sai in ce, "Fada, shi dai ya tashi daga tsakuwar nan da ƙafafunsa."