Faifan Kaka a Tsallaken Tabki

Abin da na fara gani da muka isa bakin tabkin shi ne kowa riƙe yake da takalminsa a hannu. Har wani dattijo mai babbar riga ya rataya nasa a wuya da igiya. Ni ma na tuɓe nawa, taɓo mai sanyi ya ɓullo ta tsakanin yatsuna.

Mun tashi da asuba daga Sabon Birni, ni da Kawu, a wata tsohuwar bas mai ƙofa ɗaure da waya. Kaka ce ta aike mu. Tun farkon damina take kwance, kuma kullum maganarta ɗaya: tana son ta ji muryar ƙanwarta Hajo, su yafi juna. Hajo ta yi aure a ƙauyukan bakin ruwa, amma tun ambaliyar bara da mutane suka tashi, ba wanda ya san inda ta koma, kuma waya ba ta shiga can. Kaka ta yi magana a wayar Kawu muka naɗa. Ni an haɗa da ni ne don Kawu ba zai shiga cikin gidajen mata ba.

Tafiyar awa biyu muka yi tsakanin gonakin gero da ya fara fitar da kai, bas tana kauce wa rami tana faɗawa wani. Direba ya ce da an sallame la'asar zai juya, ko da mutum ɗaya, don ba mai bin hanyar nan da yamma. Tun daga nan na kasa zama daidai.

Kwale-kwalen ya ɗauki mutum goma sha wani abu, da buhun gishiri, da akuya mai ta kuka. Mai tuƙi ya ce kada kowa ya miƙe, kada a jingina gefe ɗaya. Ruwan ja ne, cike da kainuwa, wani wuri kuma kawunan dawa ne kawai ke leƙowa inda gona ta nutse. Kusa da ni wata mata ta aza ƙwaryar fura a cinya, ta rufe da faifai. Sai na ƙura masa ido. Bakin faifan baƙi ne, da jan zare biyu da suka haɗu suka rabu, sak irin wanda Kaka take saƙawa. Na buɗe baki, na rufe. Na ce a raina ƙila faifai duk ɗaya ne. Matar ta sauka a ƙauye na farko, muna kallo ta shige lungu.

Mu ma nan muka sauka, Kawu ya tsaya wurin maza a gindin wata tsamiya yana tambayar Hajo matar marigayi Malam Garba. Suka ce Garba uku suka binne a shekarun nan, wanne? Sunan Hajo kuwa ba wanda ya taɓa ji. Aka kawo mana ruwa da soyayyen kifi, ba dama a ƙi. Na ci ina kallon inuwar tsamiyar tana matsewa.

Ƙauye na biyu duk hayaƙin banda ne, kifi jere a kan raga, da arha har Kawu ya manta abin da ya kawo mu na ɗan lokaci. Na uku sababbin bukkoki ne a kan tudu, yara suna ta binmu. Ko'ina amsa ɗaya. A can aka kira azahar. Kawu ya yi ta duba agogo yana goge wuya, ya ce, "Za mu koma hakanan. Mi za ni ce ma Inna?"

Sai na ji bakina ya ce, "Kawu, na ga faifan Kaka."

Ya juyo. "Ina?"

"A kwale-kwale, da safe."

"Tun da safe! Ke wagga ɗiya, bakin naki na cin tuwo ne kawai?"

Mai tuƙi ya yi ta gunaguni, ya ce iska ta kusa tashi, amma ya mayar da mu ƙauyen farko. Wannan karon ni na shiga lungun, ni kaɗai. Na iske mata suna daka, na yi sallama sau biyu kafin su ji. Na tambayi mai saƙa faifai mai baƙin baki da jan zare. Suka haɗa baki: "A'a, Ta-Tsamaye kike nema!" Ashe tun da aka kawo ta amarya da sunan garinsu ake kiranta, sunan yanka ya tsaya a gida.

Tana zaune a kan tabarma da kaba a jiƙe cikin kwano, ƙafafunta a kumbure. Hancinta na Kaka ne. Na durƙusa na gaishe ta, murya ta ƙi fita.

"Wa ya aiko mini bebiya?" in ji ta. "Matso, ba ni cizo, haƙoran sun ƙare."

Na kunna mata wayar. Da ta ji "Hajo", ta ajiye kabar. Ta saurara har ƙarshe, ta ce in sake. Sannan na danna naɗi, ta riƙe wayar da hannu biyu ta yi magana mai tsawo, ni kuwa ina jin Kawu yana ta gyaran murya a waje. Ban katse ta ba. Da za mu tafi ta ba ni faifan da ta gama jiya.

Dawowa iska ta kama mu, ruwa yana fantsamo mana, akuya ba ta nan amma wata tsohuwa ta karɓi aikin kuka. Mun iske bas ta riga ta tayar, Kawu ya bi ta a guje ba takalmi yana ɗaga hula har ta tsaya.

Ana kiran magariba muka shiga gida. Kaka ta saurari muryar sau uku, faifan yana kan ƙirjinta, tana shafa bakinsa da babban yatsa. Ta ce uwarsu ce ta koya musu wannan saƙa, kuma su biyu suka rage masu yin ta.

Na gane shirun da nake ɗauka ladabi ne ya kusa mayar da mu hannu wofi. Don haka ban jira gobe ba. Na matsa kusa da gadon na ce, "Kaka, in na jiƙa kaba da safe, ki koya mini bakin faifan nan."